RUWAN INABI DA TUKUNYAR BURUKUTU

Akwai tambaya guda da samarinmu su ke ta kawowa a Jega da Aliero da Maiyama. Su kan ce, tun da Yesu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a bikin Kana, mene ne laifin mai-bi in ya sha ƙwarya guda ta burukutu? Waɗansu dattawa su kan amsa da sauri, su ce abin da aka sha a Kana ba ya sa maye. Ni ban yarda mu kare gaskiya da abin da ba haka ya ke ba. Bari mu fara sanin abin tukuna.

Yawancinmu ba mu taɓa ganin kuringar inabi ba, ko da ya ke yanzu ana nomanta a Hunkuyi, kusa da Zariya. Mai-dashe ya kan jira wajen shekara 3 kafin ya sami amfanin kirki, kowace shekara kuwa sai ya datse rassa. A ƙasar Bodo, cikin Faransa, inda sana'ar ta shahara har aka jera manyan gonakinta daraja daraja a 1855, su kan haɗa iri biyu ko fi. Ɗaya, Cabernet Sauvignon, ƙanana ne masu kaurin fata da bauri. Ɗayan, Merlot, ya fi taushi, ya kan kuma riga nuna. Su kan matse su tare da fatar, gama daga fatar jan launi ya ke fitowa. Sa'an nan yisti ya cinye zaƙin ya mai da shi barasa. A zuba cikin gangunan katako masu cin lita 225, ya yi shekara guda ko biyu, kāna a ɗura a kwalba. Akwai wanda sai ya shekara 10 ko 20 baurinsa ya ke kwantawa. Manomin albasa na Aliero ya san wuyar ajiya. Wata kaɗan, rabin abin da ya boye ya ruɓe. To, ku dubi masu ajiyar shekara 20!

Amma duk da wannan gwaninta, abin yana sa maye, ya ma fi burukutu ƙarfi nesa. Na zamanin Littafi Mai-tsarki ma haka ne, ko da ya ke mutanen dā su kan surka shi da ruwa. Shi ne ya tsiraita Nuhu cikin Farawa sura 9. Misalai sura 23 ta ja kunnenmu har a kan jan launinsa cikin ƙoƙo. Bulus ya yardar wa Timoti kaɗan saboda ciwon cikinsa, shi ne kuma ya hana Afisawa buguwa.

To, don me mu ke ƙinsa? Ku karanta Romawa sura 14. Can manzon ya nuna cewa abin da zai sa ɗan'uwa tuntuɓe, barinsa ya fi. Cikin kowace ekklesiyarmu akwai mutumin da Allah ya fisshe shi daga gidan giya da ƙyar. In ya ga dattijo da ƙwarya a hannu, ba za ya ƙirga ko guda ce ba. Ku tuna kuma da inda mu ke zaune. Maƙwabtanmu Musulmi ne, tun shekara ta 2000 kuwa Jihar Kebbi ta kafa shari'ar Musulunci. Mai-bi ɗaya ya yi tangaɗi ran kasuwar Jega, kafin magariba an ce Kirista mashaya ne, bishara kuma ta rasa mai-saurare. Ban ma yi zancen dawar da a ke jiƙawa ba, wadda ya kamata ta zama tuwon yara cikin watan Agusta, sa'anda rumbu ya ke ƙarewa.

Saura batun ƙoƙon Jibin Ubangiji. Ba mu ne muka fara damuwa da shi ba. A 1869 wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ɗan ekklesiyar Methodist, ya dafa ruwan inabi bisa dabarar Louis Pasteur domin kada ya tsima, saboda masu-bin da ba su so a kawo barasa bisa teburin Ubangiji. Dattawan ekklesiya su duba kwalba da kyau kafin su saya, gama ba kowane jan ruwa ne marar-barasa ba. Inda ba a samu ba, ko kuɗin baiko bai kai ba, a dafa zoɓo da safiyar Lahadin, a tace shi da tsabta, kada a bar shi ya kwana.