Dokin Kara Mai Numfashi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san dokin kara. Yaro zai samu karan dawa, ya lanƙwasa kansa, ya ɗaura masa tsumma a madadin linzami, ya haye yana sukuwa a ƙofar gida. Kai dai ka kauce, kada doki ya take ka.

To, akwai manyan da irin wannan wasa ya kai su ƙasashen duniya. A 2007 babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan ya fara nuna War Horse, wanda aka ciro daga littafin yara da Michael Morpurgo ya wallafa a 1982. Labarin Albert ne, ɗan manomi a Ingila, da dokinsa Joey wanda aka sayar wa soja a 1914, aka kai shi fagen daga a Faransa. Wasan ya isa Amurka a 2011, Jamus a 2013, Afirka ta Kudu a 2014, ƙasar Sin a 2015. Ko'ina ya sauka, yara da iyayensu tare suke share hawaye.

Dokin da ake yi wa kukan kuwa ba jini gare shi ba. Kamfanin Handspring na Afirka ta Kudu ne ya ƙera shi da sanda mai lanƙwasuwa, irin ta saƙar kujeru, aka lulluɓe da yadi shara-shara, har ana hango cikinsa. Mutum uku ke riƙe da shi. Na farko yana tsaye a waje, shi ke juya kai da kunnuwa. Na biyu yana ciki, da ƙafafun gaba da ɗagawar ƙirji a hannunsa. Na uku yana baya, nasa ƙafafun baya da wutsiya. Ba su ɓuya ba, ga su kowa na gani, amma kafin a jima ido ya manta da su.

Abin lura a nan shi ne yadda suke tafiya tare. Ba damar magana a kan dandali, don haka numfashin juna suke saurare. In ɗaya ya ja iska da ƙarfi, sauran sun san doki zai zabura. Ko haniniya ma, su ukun ke haɗa murya, domin huhun mutum ɗaya bai kai na doki ba. Da ɗayansu zai so a lura da gwanintarsa, ya kaɗa wutsiya ba lokacinta ba, nan take Joey zai koma sanda da yadi.

Ayyukanmu da yawa haka suke mutuwa. Ƙungiya ko sana'ar haɗin gwiwa takan fara da rai, sai kowa ya ce shi zai riƙe kai, a rasa mai duƙawa a baya. Ranar hawan Sallah ido na kan mahayi da kwalliyar sirdi, ba mai tambayar wanda ya kwana a barga ko ya yanko ciyawa tun asuba, alhali ƙarfin da doki ke taƙama da shi daga hannunsa ya fito.

Mai riƙe da bayan Joey yakan ƙare wasa yana duƙe, da nauyin mahayi a kafaɗarsa, bayan abokinsa kawai yake kallo. Idan ya ji 'yan kallo suna kuka saboda doki, ya san aikinsa ya yi kyau.