Uwa a Baƙuwar Ƙasa: Wa Ke da Alhakin Riƙe Asali?

Gabatarwa

Akwai wani hukunci da mutanenmu kan yanke ba tare da dogon tunani ba. In yaron da aka haifa a Ikko ko Kumasi ko Landan ya zo ganin dangi a Dutse ko Kiyawa, aka ga bai iya durƙusa wa kakarsa ba, Hausar ma sai ya yi ta inda-inda, abin da za a fara ji shi ne, "Ai laifin uwarsa ne." Da wuya a ji mai tambayar inda uban yake. Manufar wannan maƙala ita ce a ɗora wannan hukunci a kan ma'aunin hankali, a ga ko adalci ne a aza wa mace ita kaɗai nauyin riƙe harshe da al'adar jama'a sukutum, alhali tana zaune a ƙasar da ba tata ba. Za mu fara da mutanen Kudancin Asiya, watau Indiya da Pakistan da maƙwabtansu, domin sun daɗe suna fama da wannan tambaya, sa'an nan mu dawo gida.

Darasi Daga Indiyawan Ƙetare

Waɗannan mutane ba baƙin ido ba ne a wurinmu. A shekarun 1970 da 1980, tun ƙasar Dutse tana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, malaman lissafi da kimiyya da yawa a makarantun sakandare na Arewa Indiyawa ne da 'yan Pakistan, wasunsu kuwa da iyalansu suka zo. Amma bazuwarsu a duniya ta girmi wannan lokaci nesa ba kusa ba.

Bayan da Ingila ta hana bauta a ƙasashen da take mulki a 1834, sai masu gonakin rake suka rasa ma'aikata. Aka shiga kwasar Indiyawa a jiragen ruwa bisa yarjejeniyar ƙwadago ta shekara biyar: zuwa Morishus tun 1834, Gayana a 1838, Tirinidad a 1845, Natal ta Afirka ta Kudu a 1860, da Fiji a 1879. Kafin a tsai da wannan tsari a 1917, an kwashi mutum fiye da miliyan ɗaya. Mata kuwa ba su da yawa a cikinsu, har sai da hukuma ta kafa ƙa'idar a sami mace 40 ga kowane namiji 100. Waɗannan 'yan tsirarun mata su ne suka yi noma da rana, suka yi girki da dare, suka kuma goyi jama'ar da ta biyo baya.

To, me ya tsira, me ya salwanta? A Tirinidad da birnin Durban, jikokinsu yawanci Ingilishi suke yi a gida, harsunan kakanni sun ja da baya ƙwarai, amma abinci da bukin aure da bukin fitilu da suke kira Diwali suna nan. A Fiji kuwa harshen ya rayu, sai dai ya zama wani sabon Indiyanci wanda aka harhaɗa daga karuruwa dabam-dabam. Shin za mu ce matan Fiji sun fi na Tirinidad kula da 'ya'yansu? Mai hankali ba zai faɗi haka ba. Bambancin yana ga harshen da ake karatu da shi a makaranta, da wanda ake ciniki da shi a kasuwa, da irin cuɗanyar da baƙi suka yi da mutanen da suka tarar. Duk waɗannan ba a hannun uwa suke ba.

Har ila yau, a 1972 Idi Amin ya ba mutanen Asiya kwana 90 su fice daga Uganda. Dubbai suka nufi Ingila, da yawa suka zauna a birnin Lesta. Matan da a dā ba su fita aiki, dole ta sa suka shiga masana'antu. A 1976 wata mace mai suna Jayaben Desai, wadda aka haifa a Gujarat, ta zauna a Tanzaniya kafin ta ƙaura zuwa Landan, ita ta jagoranci yajin aikin ma'aikatan Grunwick wanda ya kai har 1978. Ga uwa mai 'ya'ya, sanye da tufafin ƙasarsu, tsaye a bakin ƙofar masana'anta tana neman haƙƙi. Wannan ya nuna cewa ita ma uwar baƙunci yana sāke ta. Mutum ce mai rai, wadda zamani ke juyawa kamar kowa, don haka kuskure ne a ɗauke ta kamar rumbun da aka zuba al'ada aka liƙe.

Mu Dubi Gida

Kada mai karatu ya ɗauka labarin nesa ne. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Fulani ne ƙarƙashin Salihi da Musa suka karɓi mulkin Dutse, kamar yadda Jahunawa suka kahu a Jahun. Yau gidaje nawa ne na Fulanin gari ake hira da Fulatanci a tsakar gida? Sanannen bayani shi ne, sun zauna cikin Hausawa, sun auri matansu, 'ya'ya suka tashi da harshen da suka sha a nono. Asali ya bi uba, harshe ya bi uwa da gari. Abin lura shi ne, ba mu taɓa kiran waɗannan iyaye mata masu laifi ba, don kuwa harshenmu ne ya ci riba. Haka Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, fataken goron nan, asalinsu daga wasu jama'u ne, suka narke suka zama Hausawa. Ashe ke nan abin da muke kuka da shi a Landan, shi muke alfahari da shi a Kano. Wanda ya yarda da ɗaya, adalci ya tilasta masa ya yi haƙuri da ɗayan.

Sa'an nan ga Hausawan da suka fita. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Har yanzu ana jin Hausa da Fulatanci a can. A Ibadan an kafa unguwar Sabo a 1916, kuma littafin da Abner Cohen ya wallafa a kanta a 1969 ya nuna cewa abin da ya riƙe Hausancin mutanenta shi ne sarautar unguwa, da masallaci, da ɗariƙar Tijjaniyya, da cinikin goro da shanu. Watau inda harshe ya tsira, jama'a ce ta gina masa katanga, uwa ta yi aikinta a cikin inuwar katangar. Duk da haka bai tsira yadda yake ba. Ɗalibin harshe ya san cewa Hausar zangunan Gana ta yi watsi da bambancin jinsi, "ya zo" ake cewa ko mace ce ta zo.

Ina Adalcin Yake?

Ba za a musa ba, uwa tana da rabo babba. A bakinta yaro ke fara jin sunan ruwa da wuta, a bayanta yake fara ganin duniya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uwar da ta raina harshenta, ta hana ɗanta yin sa don kada a ce masa baƙauye, lalle ta tauye masa wani haƙƙi, domin ta raba shi da kakarsa tun suna da rai.

Amma mu tuna yadda reno yake a ƙauyukanmu. Mai haihuwar fari gidan iyayenta take komawa goyon ciki. Tsofaffi ke dafa mata ruwan jego, su dama mata kunun kanwa. Ran suna dangi ke taruwa. In lokacin yaye ya yi, kaka ke ɗaukar yaro, ita ke masa tatsuniya da dare. Ita uwar ma kunyar ɗan fari kan hana ta ko kiran sunansa, balle ta zauna koya masa magana. Goggo da inna da maƙwabta da malamin allo, kowa da nasa hannu a ciki. Aikin da mutum ashirin ke yi a Shuwarin, shi ake so mace ɗaya ta yi a ɗaki biyu a wani bene na Turai, mijinta ya fita tun asuba, makaranta da talabijin suna yi wa yaron wani harshe wuni zubur. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙa'idar kowane irin hukunci, ba a tuhumar mutum sai a kan abin da yake da ikon yi. Wanda ya ɗauko ta daga cikin danginta ya kai ta can, shi ma yana da tambayar da zai amsa: da wane harshe yake magana da ɗansa in ya dawo? Sau nawa ya kawo shi gida?

Akwai kuma bambanci tsakanin tufar al'ada da jikinta. Durƙuso tufa ce, girmama na gaba shi ne jiki. Yaron da ya tashi a inda ba a durƙuso, amma ya san ya yi shiru in babba na magana, ya riƙe amana, ya ji kunyar ƙarya, ya tausaya wa baƙo, uwarsa ta isar da mafi tsadar kayan da aka ba ta. Wanda kuwa ya iya karin magana ɗari amma ba ya jin nauyin kowa, me aka tsirar a wurinsa? Uwa a baƙuwar ƙasa tilas ta yi zaɓe, domin ɗanta a can zai nemi abinci, da mutanen can zai zauna. In ta ɗaure shi da dukkan abin da ta baro, sai ya tashi baƙo a inda aka haife shi, ya kuma zo gida a ce masa baƙo.

Kammalawa

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Daga cikin ɗaliban da ke karatu yau a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, akwai waɗanda aiki ko ƙarin ilmi zai kai su Fatakwal, ko Jidda, ko Amurka, a can kuma za su haihu. Ga 'yan'uwanmu mata, shawara ita ce ku yi wa 'ya'yanku Hausa tun suna goye ba tare da jin kunya ba, ku kuma bambance abin da ya wajaba a riƙe da abin da za a iya saki. Ga maza kuwa, in kun ɗauki 'yar mutane kun kai ta nesa, to ku zama mata kaka da goggo da maƙwabci gwargwadon iko, ku nemi 'yan'uwa a can ku kafa makarantar da yara za su haɗu. Mu da muke gida, ran da yaron ya zo yana inda-inda, kada mu yi masa dariya, kada kuma mu zagi uwarsa. A shimfiɗa masa tabarma, a koya masa gaisuwar daga farko.