Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

'Yan'uwa cikin Ubangiji, maganarmu ta wannan wata a kan fatar jiki ce, da abin da mu ke shafa mata. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan ekklesiya da kwalbar mai? Da ruwanta ƙwarai. A cikin 1 Korinthiyawa 6:19, 20 Manzo Bulus ya nuna jikin nan da mu ke yawo da shi ba mallakarmu ba ne. Ruhun Allah yana zaune ciki, Kristi kuwa ya fanshe shi da tsada. Ajiya ce aka ba mu. Wanda aka ba ajiya, lalle wata rana za a tambaye shi yadda ya riƙe ta.

Allah Bai Hana Gyaran Jiki Ba

Kada kowa ya zaci tsarki shi ne ƙazanta, ko kuwa mace mai ibada ita ce wadda ta bar ƙafarta da faso. Na'omi ta ce wa Rut ta yi wanka ta shafa mai kafin ta je wurin Bo'aza. Esta ta yi wata 12 ana gyara ta kafin a kai ta gaban sarki, wata 6 da man mur, wata 6 da kayan ƙanshi. Sa'ad da Allah ya mayar wa Ayuba da arzikinsa, sunan da ya raɗa wa 'yarsa ta uku ma'anarsa ƙahon tozali. Ubangiji Yesu da kansa, cikin Matta sura 6, ya umurci mai azumi kada ya bar wanke fuska da shafa mai, domin kada ya yi ta yawo a yamutse mutane su yabe shi.

Ashe wanka da shafa mai da ado daidai gwargwado ba zunubi ba ne. Amma akwai bambanci tsakanin mai kiwon fatarsa da mai yaƙi da ita. Na fari yana godiya ga Mahalicci. Na biyu yana ce masa, ba ka iya aikinka ba, bari in gyara.

Labarin Maryamu Da Matar Musa

Ku buɗe Littafin Lissafi sura 12. Musa ya auri mace daga Kush, watau ƙasar da ke kudu da Masar, wajen Sudan ta yau. Mutanen Kush baƙaƙe ne kamar mu, har Annabi Irmiya ya buga misali da fatarsu a kan abin da ba ya sakewa. Maryamu da Haruna suka fara gunaguni a kan wannan mace, ko da ya ke abin da ke cin zuciyarsu hassada ce, sabo da matsayin da Allah ya ba Musa. Allah ya ji. Ya kira su ukun zuwa alfarwa, ya goyi bayan bawansa, ko kalma ɗaya bai zarge shi a kan matarsa ba. Da girgijen ya tashi, sai ga jikin Maryamu ya yi fari fat da ciwon fata. Haruna ya firgita, Musa ya yi mata roƙo, ta kwana 7 a bayan zango, jama'a duka suka tsaya jiranta.

Kada a karkatar da wannan labari. Wanda Allah ya halitta da hasken fata, ko zabiya, ko mai fama da ciwo, ba ya ƙarƙashin wani hukunci. Abin lura shi ne, Allah bai raina baƙar matar Musa ba, farin da ya zo wa Maryamu kuwa ba wanda ya kira shi kyau. To, yaya mu da mu ke karanta wannan sura za mu ɗauki kuɗinmu mu sayi ciwo, mu shafa da hannunmu, mu ce ado ne?

Abin Da Ke Cikin Kwalba

A shekara ta 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto, cikin kowace mace 100 a Nijeriya 77 suna amfani da kayan ƙara hasken fata. A 2023 hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magani, ta ce abin ya zama masifa ga lafiyar ƙasa. Ba a waje kaɗai su ke ba. Suna cikin zumuntar mata, suna cikin ƙungiyar mawaƙa, har da maza.

Allah ya sa wani launi cikin fata, likitoci suna kiransa melanin. Shi ne ke ba mu duhu, shi ne kuma laimar da ke tare zafin hasken rana don kada ya ƙona naman jiki. Man bilicin aikinsa ya hana fata yin wannan launi. Guba uku aka fi sa wa a ciki.

Ta fari zaiba ce, irin ruwan ƙarfen nan da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. Tana ratsa fata ta shiga jini, ta taru a ƙoda ta lalata ta. Tana taɓa jijiyoyi, ta kawo rawar hannu da mantuwa da rashin barci. Tana bin jinin uwa zuwa ɗan da ke cikinta, tana fita cikin nono. Har wanda bai shafa ba ya kan samu rabonsa, gama tana maƙalewa a tawul da zanen gado da hannun da ke ba yaro abinci. A garin Minamata na ƙasar Japan, a 1956, aka fara gane wani mugun ciwo da ya kama masunta. Wata masana'anta ce ke zuba zaiba cikin teku, kifi ya sha, mutane suka ci kifin. Da yawa suka mutu, aka haifi yara naƙasassu. Don tunawa da wannan aka sa wa yarjejeniyar duniya ta hana zaiba sunan garin a 2013, Nijeriya kuwa ta sa hannu. A 2023 ƙasashen suka yarda a daina sa zaiba cikin kayan shafa gaba ɗaya daga 2025. Amma doka ba ta shiga ɗakin kowa ta duba kan tebur.

Ta biyu ita ce haidurokwinon. Da fari fata ta kan yi haske, mai shafawa ta yi murna. In an daɗe, sai wani baƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito a kumatu da goshi, ya fi baƙin da aka guda, da wuya kuma ya fita. Afirka ta Kudu ta hana sa shi cikin kayan ado tun 1990. Ruwanda ma ta hana man bilicin, har ta bi kasuwanni tana kwashewa.

Ta uku ita ce sitiroyid. Magani ne na gaske, likita ya kan rubuta shi don ciwon fata, a shafa kaɗan na 'yan kwanaki. Amma mai shafa shi ko'ina a jiki wata da watanni, fatarta ta kan yi siriri kamar takarda, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsattsage ta, ƙuraje da makero su samu ƙofa. Rauni ba ya warkewa da wuri. Yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Ku tuna da ranar haihuwa, in ta kai ga yin aiki, fatar da za a ɗinke ke nan.

Wannan shi ne kyan ɗan maciji.

Ba Kowane Na Gargajiya Ke Da Lafiya Ba

Yanzu wani zai ce, to, mu koma ga na kakanni, duk abin da ya fito daga ƙasa ba ya cuta. A yi hankali. Tunya ma daga ƙasa ta ke fitowa.

Dubi kwalli. Dutse ne, ba a masana'anta aka yi shi ba, amma yawancin dutsen da a ke niƙawa a zuba a tandu cike ya ke da dalma. A 2011, a birnin Boston na Amurka, likitoci suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan mutanen Nijeriya. Da aka auna kwallin da a ke sa masa, sai aka tarar fiye da kashi 82 cikin 100 dalma ce. Jariri ya kan murza ido ya sa yatsa a baki, ya haɗiye. Dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, abin da ta ɓata kuwa ba ya komowa. Mun san ƙarfinta a ƙasarmu, gama a 2010 ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara. Uwa, idon jaririnki ba ya bukatar kwalli. Ruwa mai tsabta ya isa.

Dubi lalle kuma. Ganyen lalle na ainihi ja ya ke bayarwa, sai an yi ƙunshi an jira sa'o'i. Baƙin da ke kamawa nan da nan, sau da yawa an garwaya shi da rinin gashi, shi ne ke sa hannun amarya ya kumbura ya yi bororo, ya bar tabo. Ko lallen kirki ma kada a shafa wa jariri, gama akwai yaran da a kan haifa da wani rauni na jini, lalle kuwa yana iya farfasa jininsu ya kawo shawara mai tsanani.

Akwai kuma masu haɗi, masu zuba mai cikin roba ba suna ba takarda, su ce oganik ne, wai tsiro ne zalla. Ku yi tunani. Wane ganye ne ke mai da baƙar mace fara cikin mako biyu? In ya yi haka, akwai abin da aka ɓoye a ciki.

Yadda Mai Bi Zai Zaɓa

Na ɗaya, ki tambayi kanki, me ni ke so man nan ya yi mini? In don ya tausasa fata ya kare ta daga kaushin hunturu ne, madalla. In don ya sake miki launi ne, ajiye shi.

Na biyu, karanta takardar. Allah bai ba mu karatu don Lahadi kaɗai ba. In kin ga an rubuta mercury, ko calomel, ko hydroquinone, ko clobetasol, ko betamethasone, kada ki saya don ado. In babu jerin abin da ke ciki, ko babu lambar NAFDAC, bar shi wurin mai shi. Ki taimaki maƙwabciyarki wadda ba ta iya karatu ba.

Na uku, kada ki raina abin da ke kusa. Man kaɗe yana riƙe laushin fata, haka man kwakwa da man alayyadi. Sabulun salo yana wanke jiki sarai, sai dai a bi shi da mai don yana busar da fata. Sabon abu kuwa, ko na gida ne, a fara gwada kaɗan a hannu a kwana biyu a gani.

Na huɗu, in akwai ƙuraje ko tabo ko ƙyasbi da ke damunki, je asibiti. Wadda ta daɗe tana shafa mai mai sitiroyid kada ta yanke rana ɗaya, gama jiki ya saba, zai iya tayarwa. Ta nemi likita ya nuna mata yadda za ta rage, ya duba ƙodarta da jininta. Launinta na ainihi zai komo a hankali. Kada ta ji kunyar kwanakin nan.

Magana Ga Maza Da Iyaye

Maza, kada ku karanta wannan ku miƙa wa matanku kuna murmushi. Yawancin laifin namu ne. Wa ya ce wa saurayi farar mace ita ce mace? Wa ke sa man bilicin cikin kayan lefe? Miji da ke yaba hasken matar wani a gaban tasa, shi ya aike ta kasuwa. An umurce mu mu ƙaunaci matanmu kamar jikunanmu, ba kuwa wanda ya ke shafa wa kansa guba da saninsa. Yaushe rabonka da ka ce wa matarka tana da kyau yadda Allah ya yi ta?

Iyaye, ku kiyaye bakinku. Yarinyar da ta tashi tana jin ana kiran ƙanwarta kyakkyawa don ta fi ta haske, ita kuwa ana yi mata ba'a da baƙi, ran da ta sami kuɗin kanta kun san abin da za ta fara saya. Waɗansu ma har yara ƙanana su ke shafa wa. Fatar yaro ba ta da kauri, gubar ta fi saurin shigarsa. Wannan ba ƙauna ba ce.

Ekklesiya kuma, kada mu mai da wannan magana sandan dukan kowa. In kun ga 'yar'uwa fuska fara, gaɓoɓin yatsu baƙi, ba abin nuni da baki ba ne. Maryamu ta yi laifi, amma Musa addu'a ya yi mata, jama'a kuma ba su tafi sun bar ta ba. Shugabannin zumuntar mata, ku sa wannan cikin koyarwarku, ku gayyaci ma'aikaciyar asibiti ta yi bayani, ku ja waɗanda abin ya kama a jiki da taushin zuciya.

Sa'ad da Sama'ila ya ga tsayin Eliyab da kyan tsarinsa, ya ɗauka shi ne sarki, amma Allah ya nuna masa ma'auninsa dabam ne, zuciya ya ke aunawa. Bitrus kuma ya koya wa mata adon da ba ya tsufa yana ciki, watau hali mai tawali'u da natsuwa. A cikin Ru'ya ta Yohanna sura 7 an ga babban taro a gaban kursiyin, daga kowace kabila da kowane harshe. Abin da ya yi fari a wurin tufafinsu ne, jinin Ɗan Rago ne kuwa ya wanke su. Ba a ce an sake wa kowa fata kafin ya shiga ba.

Yau da dare, kafin ka kwanta, kafin ki kwanta, a ɗauki kwalaben da ke ɗaki ɗaya ɗaya a duba su a gaban Allah. Wanda ke kiwon jiki a riƙe shi da godiya. Wanda ke yaƙi da shi a rabu da shi, kada kuma a ba wani kyauta. Ubangiji ya ba mu hikima mu riƙe ajiyarsa da aminci har ranar da zai zo. Amin.