Salfet, Alif da Ruwan Alwala a Zangon Akara

Ruwan famfon da ke isa unguwannin Nima da Maamobi a Akara yana fitowa ne daga matatun Weija da Kpong, inda ake zuba masa alif domin ya tattara laka da dattin da ke yawo a cikinsa su kwanta a ƙasa. Alif gishiri ne daga dangin da masana kimiyya ke kira salfet, wato duk gishirin da ya samu daga ruwan asid na farar wuta, kuma akan jingina wannan suna ga kowane sinadarin da aka ɗaura masa irin wannan ɓangare har halinsa ya sauya. Asalin kalmar salfet sunan farar wuta ne a Latinanci, amma sai a 1787 Lavoisier da abokan aikinsa uku a Faransa suka tsara ta, bisa ƙa'idar cewa sunan abu ya kamata ya bayyana abin da ya ƙunsa. Larabawa kuwa tun da can suna kiran waɗannan gishirori zaj da shabb.

Tambayar da ta shafi Musulmin Zango, waɗanda akasarinsu Malikawa ne, ita ce ko ruwan da alif ya ratsa yana nan a matsayin muɗlaƙi, wato wanda ake kira ruwa kawai ba tare da jingina shi ga wani abu ba, domin da shi kaɗai alwala da wanka ke inganta. Fiƙihu ma da suna yake aiki, sai dai ma'auninsa launi ne da ɗanɗano da ƙanshi, abubuwan da kowace mai ɗiban ruwa za ta iya gwadawa a bakin famfo, kuma wannan rahama ce babba ga unguwar da ruwa ke yi wa wuya. Littafin Ishmawi, wanda ɗalibai ke karantawa a zaurukan malamai, ya ma ambaci ruwan da ke gudana a kan ma'adinin farar wuta cikin masu tsarkakewa, ko da ya jirkita, saboda jirkitar daga mazauninsa ta zo.

Hukuncin alif ya fi wannan sauƙi, tunda yawancinsa yana kwantawa tare da lakar da ya kama, ruwan kuma ya fito garau. Inda aka cika shi har ɗanɗano ya yi bauri, a nan ne mas'alar ta koma ga saɓanin malaman mazhaba kan ma'adinin da mutum ya jefa cikin ruwa da gangan.