Amini da Amana

A karanta 1 Sama'ila, sura 19 da 20.

'Yan'uwa, ga tambayar da ke gabanmu a wannan mako: idan hukuma ta danƙa wa mutum sanda, amininsa kuwa ya zama mai laifi, wanne zai riƙe, amini ko sanda? Kada kowa ya yi hanzarin amsawa. Kalmomin nan biyu, amini da amana, tushensu ɗaya ne, gama daga Larabci su ka shigo Hausa tare. Amini shi ne wanda ka ba shi amanarka. Amma ɗan doka shi ma amana ya ke ɗauke da ita, ta jama'a duka. Watau amana biyu ne su ka haɗu a zuciya ɗaya, kowace tana ja.

A shekara ta 1973 aka yi wani majigi a Amurka mai suna Pat Garrett and Billy the Kid, wanda Sam Peckinpah ya shirya. Mutanen nan biyu sun rayu da gaske a ƙasar Niyu Meziko. Billy ɓarawon shanu da dawaki ne, ya kuma zub da jini. Garrett ya san shi a garin Fort Sumner tun bai sami muƙami ba. A watan Nuwamba 1880 aka zaɓi Garrett shugaban 'yan doka na gundumar Lincoln, a watan Disamba ya kama Billy. Aka yanke masa hukuncin rataya a watan Afrilu 1881, amma ran 28 ga watan ya kashe masu tsaronsa biyu, Bell da Olinger, ya gudu. Daren 14 ga Yuli Garrett ya same shi a wani ɗaki mai duhu a Fort Sumner, ya harbe shi. Shekarunsa wajen 21 ne.

Masana tarihi da dama sun ce majigin ya ƙara gishiri a kan abutarsu. Ko da haka ne, ya shimfiɗa tambayar sarai. Da fari Garrett ya zo wurin abokinsa ya ba shi kwana biyar ya bar ƙasar. Billy ya ƙi. A ƙarshe, sa'anda ya kashe shi, sai ya juya ya harbi kamannin kansa a madubi, yana fita gari kuma wani yaro ya bi shi da jifa. Mai kallo ya kan tashi da tausayin Billy, yana ganin Garrett ya sayar da aboki domin albashi da yardar masu manyan garkuna. A ganina a nan ne majigin ya yi mana wayo. Bell da Olinger su ma 'ya'yan wasu ne. Wanda ke riƙe da sanda, saboda irinsu aka ba shi ita, waɗanda ba su da wani amini a ofis da zai tuna da su.

Amma fa kada mu wanke hukuma tas. A watan Maris 1879 Gwamna Lew Wallace, wanda ya rubuta littafin nan Ben-Hur, ya sadu da Billy a ɓoye, aka shirya cewa in ya ba da shaida a kan wani kisankai za a yafe masa. Billy ya ba da shaidar, yafewa ba ta zo ba. Hukumar da ta ke so ɗan dokanta ya fifita ta bisa amininsa, lalle ita ma ta cika alkawarinta. In ba haka ba, me zai faɗa wa abokinsa sa'anda ya ke roƙonsa ya miƙa kansa?

Yanzu mu dawo gida. Ran 6 ga Agusta 2019 'yan sanda su ka kama Hamisu Bala, wanda a ke kira Wadume, a Ibi, bisa zargin satar mutane, su ka ɗauko shi za su kawo shi nan Jalingo. A hanya sojoji su ka buɗe wa motar wuta. 'Yan sanda uku su ka mutu, har da farar hula da ke tare da su, wanda aka kama kuwa ya kuɓuce. Rundunar soja ta ce an ɗauka masu satar mutane ne ke cikin motar. Bayan mako biyu aka sāke kama shi a Kano. A 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ɗaure shi shekara bakwai saboda tserewa daga hannun hukuma da ma'amala da makamai, sauran tuhume-tuhumen ba su tabbata ba. A shari'ar nan kuma aka ɗaure wani sufeton 'yan sanda na Ibi shekara uku domin ya taɓa littafin ofis don a ɓoye abin da ya faru. Abin da ke zuciyarsa ba namu ba ne mu yanke. Abin da hannunsa ya yi, shi kotu ta auna. Da aka saki Hamisu a 2024, jama'a mai yawa ta fito taryensa a Ibi. Matan 'yan sandan nan uku kuwa ba wanda za su tarya.

Hausawa su kan ce abokin ɓarawo ɓarawo ne. Maganar ta yi tsauri, gama mutum ba ya zaɓen abin da abokin yarintarsa zai zama. Wata maganar ce ta fi kusa da gaskiya: in baki ya ci, ido ya ji kunya. Yawancin abin da a ke kira abuta tsakanin mai sanda da mai laifi, in ka tona, buhun shinkafa ne da ragon salla ko akuyar Kirsimati.

To, Jonatan fa? Ɗan sarki ne, jarumin Saul, Dawuda kuwa mutum ne da sarki ke nema. Ya gargaɗe shi, ya taimake shi ya tsere. Wani zai ce ashe ga izini. Mu duba da kyau. Dawuda bai yi laifi ba, ba wani alƙali da ya saurari ƙararsa, kishin sarki ne kaɗai ke farautarsa. Jonatan kuma ya fara zuwa gaban ubansa a fili ya yi magana dominsa, har sau biyu, a na biyun Saul ya jefe shi da mashi. Abu mafi nauyi kuwa, ku lura wanda ya biya kuɗin abutar nan. Jonatan ne, gama ya san ran Dawuda shi ne zai raba shi da gadon sarauta. Bai ci kome ba, ba kuma wata gwauruwa da ta yi kuka saboda kibiyoyinsa. Bai bi Dawuda zuwa kogon Adullam ba, ya koma gari, daga baya ya mutu tare da ubansa a Dutsen Gilbowa.

Saboda haka ɗan sandan da sunan amininsa ya fito a takardar kamu, akwai abubuwa da yawa da abuta ta ba shi dama ya yi. Yana iya roƙon a ba wani aikin. Yana iya tsayawa kada a doke shi a ɗakin tsaro, ya nema masa lauya, ya ciyad da 'ya'yansa daga albashinsa, ya ziyarce shi a kurkuku ko da abokan aiki za su yi masa ba'a. Duk waɗannan daga aljihunsa da mutuncinsa su ke fita. Yage takarda kuwa, ko aika masa saƙo da dare, daga haƙƙin wasu ne ya ke ɗiba.

Saura abu ɗaya da bai kamata mu tsallake ba. A sura 20 Jonatan ya gaya wa ubansa Dawuda ya tafi Baitalami wurin hadayar danginsa, alhali yana ɓoye a saura. Littafin ya ba da labarin, bai yaba ba, bai kuwa tsauta ba. Mai jagorar ƙungiya ya tsaya a nan, ya tambayi waɗanda ke aikin ɗamara ko aikin kotu a cikinku su fara magana, sa'an nan sauran jama'a.