Kututture Bai Mutu Ba



Yau ga wata tambaya da nake so mu duba tare. Mutum ya girma, ya yi iyali, furfura ta fara fito masa. Wata rana yana zaune a gindin rumbu sai ya ce a ransa: "Ni kam mene ne amfanina a duniyar nan? Na yi noma, na je ci-rani, na dawo, ga ni inda nake." Shin wannan mutum yana da sauran gyara? Ko kuwa hali zanen dutse ne, abin da ya wuce ya wuce?

Ba zan kai ku nesa neman amsa ba. Mu duba gonakinmu na Agiye da Gazawa da Gidan Rumji.

Dattawa suna tune da yadda ƙasarmu ta koma bayan farin 1973 da na 1984, shekarar yunwar da ake kira El-Buhari. Mutum yakan tsaya bakin gari ya hango wani gari, babu itacen da ya tare masa ido. Kowace bazara manomi yakan ɗauki gatari ya sassabe gonarsa ƙal, ya tara sabara da kalgo ya cinna musu wuta. A wancan lokaci gona mai tsabta ita ce shaidar manomin kirki. Wanda ya bar toho, sai a ce raggo ne. Ban da haka, doka ta ce itatuwa na gwamnati ne. Wanda ya sari gawo a gonarsa yana iya shan tara. To, wa zai yi renon abin da aka ce ba nasa ba ne?

Kowa ya ga abin da ya biyo baya. Ruwan shuka ya sauka, hatsi ya fito, iska ta taso ta binne shi da rairayi. Sai an sake shuka sau biyu ko sau uku. Mata suna yini neman itacen girki, su koma ga kara da kashin shanu. Aka yi ta kawo dashe cikin leda daga nesa, ana ba shi ruwa. Rana da gara da awaki suka gama da yawancinsa.

A shekarar 1983, wani malamin gona mutumin Ostireliya, mai suna Tony Rinaudo, yana aikin dashe a ƙasar Maraɗi. Ya kusa fid da rai. Wata rana ya tsaya a hanya don ya rage wa ƙafafun motarsa iska saboda rairayi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan toho. Da ya duba ganyen da kyau, sai ya ga ashe itace ne sosai. An sare shi tun tuni, amma saiwarsa tana nan da rai a cikin ƙasa. Kowace shekara tana turo toho, kowace shekara gatari yana datse shi. Ya ɗaga kai ya ga irin wannan kututture ko'ina. Ashe daji bai ƙare ba, yana kwance ne ƙarƙashin ƙafafunmu.

Daga nan aikin da muke kira sassaben zamani ya samo tushe. Ku lura da kyau: baƙon nan bai kawo iri ba, bai kawo ruwa ba. Kakanninmu sun san gawo tun kafin a haife shi. Sun san yana zubar da ganye da damana, ya yi ganye da rani, sun san hatsin gindinsa ya fi kyau. Abin da ya faru kawai, an sake duban abin da ido ya saba rainawa. Yau masana sun kimanta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a ƙasar Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram.

To, ɗan uwa, ni a ganina mutum ma haka yake. Mai tambayar nan ta gindin rumbu kututture ne. Talauci ya sare shi, bashi ya sare shi, maganar mutane ta sare shi. Amma saiwa tana nan. Bari mu bi aikin sassaben zamani daki-daki, mu ga abin da yake koya mana.

Na farko, sai ka san abin da ke gonarka. Manomi yakan zagaya ya duba kowane kututture: wannan kalgo ne, wancan sabara, ga magarya, ga aduwa. Ba ya neman mangwaro a jikin sabara. Haka kai ma za ka zauna ka tambayi kanka. Wane aiki ne idan na kama shi ba na jin wucewar rana? Don me maƙwabta suke sallama a ƙofar gidana? Wani hannunsa na da albarkar kiwo. Wata idan ta shiga tsakanin masu faɗa, sai wuta ta mutu. Wani ya iya gyaran amalanke, wata ta iya lissafin asusu ba ta ɓata ko dala. Sau da yawa mai abin shi ne ke raina shi, don ya saba da shi. Yana can yana hangen na wani. Alhali kuwa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na biyu, sai ka zaɓa. Kututture ɗaya yana iya fid da toho ashirin. Idan aka bar su duka, babu wanda zai zama itace, sai dai kurmi. Manomi yakan bar biyu ko uku, iyaka biyar, masu ƙarfi kuma miƙaƙƙu, ya cire sauran. Mu ma buri ya yi mana yawa. Yau kasuwanci, gobe kabu-kabu, jibi tafiya Libiya. Ƙarfin saiwa ya rabu gida ashirin, shekara ta ƙare babu abin nunawa. Wanda ya san kansa yakan ce: "Wannan nawa ne, wancan ba nawa ba ne." Faɗin haka da zafi, amma daga nan girma yake farawa.

Na uku, sai ka yi aski. Tohon da aka zaɓa ma ana rage masa rassan ƙasa har zuwa rabin tsawonsa, da ƙarfe mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Sanin kai ba yabon kai ba ne. Dole mutum ya san rassan da ke shanye masa ƙarfi: zafin zuciya, caca, ƙyashi, cin bashi don a gani a faɗa. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Mai son gyara sai ya sunkuya ya dubi wanda yake takawa.

Na huɗu, gyara sai da yardar zuciya. A yunwar 1984 an ba mutane abinci bisa sharaɗin su bar toho a gonakinsu. Da abinci ya ƙare, da yawa suka koma suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu, su ne suka gani da idonsu: ga itacen girki, ga abincin dabba, ga iska ta ragu. Daga gare su maƙwabta suka koya. Halin da aka canja don tsoro ko don kwaɗayi, ranar da tsoron ya wuce zai dawo.

Na biyar, mutum ba ya girma shi kaɗai. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agiye, mutane sun ga ana sace musu itatuwa da dare. Sai suka kafa kwamitin tsaro, da maza da mata, da manoma da makiyaya, suka sa doka da tara. Kai ma nemi mutum biyu ko uku masu faɗa maka gaskiya. Ido ba ya ganin kansa.

Wani zai ce: "Malam, sanin kai ba ya cika rumbu. Gonaki sun ƙanƙance, mutane sun yi yawa." Gaskiya ne. Itace bai hana fari ba, an sake shan wuya a 2005. Amma a irin wannan shekara, mai itace yana da abin sayarwa ya sayi hatsi, yana da ganyen ba dabba. Haka mutumin da ya san abin da ya iya. Wahala za ta same shi kamar kowa, sai dai ba za ta same shi hannu wofi ba. Ko ci-rani ya tafi, ya san abin da ya je nema, ya san ranar dawowa.

Saura tambayarmu ta farko: ko lokaci ya ƙure wa babba? An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne. Amma manoman Agiye sun ga wani abu kuma. Tohon tsohon kututture ya fi sabon dashe saurin girma, domin saiwarsa ta riga ta yi zurfi. Shekarun da kake ganin ka ɓata, su ne saiwarka. Ka san mutane, ka san ƙasa, ka san ɗacin kuskure. Yaro bai da wannan.

Mene ne kuma amfanin itace idan ya girma? Ba ya shan inuwarsa, ba ya cin ƴaƴansa. Jin daɗin mutum yana cika ne ranar da ya ga wani ya huta a gindinsa.

Saboda haka, bana idan ka ɗauki gatari za ka sassabe, tsaya a kan kututturen farko ka dube shi. Sa'an nan ka tambayi kanka: wane toho ne nake datsewa a jikina kowace shekara? Zaɓi ɗaya, ka rene shi har kaka.

Allah ya ba mu damana mai albarka.