Ƙanen Zakara

Idan Allah ya haɗa mutum biyu ciki ɗaya, suka kuma tashi da sana'a guda, ɗaya ya yi suna har duniya ta san shi, ɗayan kuwa ya tsaya a tsaka-tsaki, da wane mudu ya kamata a auna na biyun? Yawancin mutane ba su wahalad da kansu a kan wannan. Sai su ɗauko mudun babban su auna ƙaramin, in ya kasa cika shi su ce ya yi asarar rayuwa. Labarin wani ɗan kokawa na ƙasar Amurka, mai suna Lanny Poffo, ya isa ya sa mai hankali ya sake duban wannan awo.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san cewa kokawar da a ke nunawa don kuɗi a Amurka ba irin ta dandali ba ce, wadda ƙarfi da dabara ke raba gardama. Ita wannan wasa ce da a ke shiryawa. Tun kafin a fito fili, masu kamfani sun riga sun yanke wanda zai kayar da wanda za a kayar. Amma fa faɗuwar ta gaske ce, ciwon kuma na gaske ne, gama mutum ba ya faɗowa daga bisa igiya ya bugi katako da wasa. Saboda haka kowane kamfani yana bukatar mutane iri biyu: zakarun da jama'a ke biyan kuɗi don su gani, da kuma waɗanda aikinsu shi ne su sha kaye yadda zakaran zai ƙara kwarjini.

An haifi Lanny a birnin Calgary na ƙasar Kanada a 1954, shekara biyu bayan wansa Randy. Ubansu, Angelo Poffo, shi ma ɗan kokawa ne, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 1978 uban ya kafa ɗan kamfaninsa na kokawa a jihar Kentucky, 'ya'yan nan biyu su ne ginshiƙansa, har Lanny ya riƙe kambun kamfanin. A lokacin nan ba mai iya cewa ga wanda zai tsere wa ɗan'uwansa.

A 1985 duka biyun suka shiga babban kamfanin nan da a ke kira WWF a zamanin, nan ne kuwa hanya ta rabu. Wan, wanda duniya ta sani da Randy Savage, ko kuwa Macho Man, ya ci babban kambun kamfanin a 1988, ya sāke cinsa a 1992. Ƙanen kuwa sai aka ajiye shi a sahun ƙasa. Ya kan shigo fili ya karanta wa jama'a 'yar waƙar da ya tsara da kansa, ya jefa musu faya-fayan roba, sa'an nan ya yi tsalle-tsalle da alkafura masu ban sha'awa. In an haɗa shi da ƙaramin ɗan wasa ya yi nasara, in kuwa da babba ne, galibi shi ne a ƙasa. Sunayensu ma ba ɗaya ba ne, har da yawa cikin 'yan kallo ba su san uwarsu ɗaya ubansu ɗaya ba.

To, a nan ne mai gaggawa zai ce ga abin kunya, wa yana ɗaga kambu ƙane yana shan ƙasa. Amma a tsaya a duba. Abin kunya shi ne mutum ya karɓi aiki ya ƙi yinsa, ko ya yi shi da ha'inci. Wanda aka ɗauka don ya faɗi, ya kuwa faɗi da gwaninta, ya kiyaye jikin abokin wasansa kada ya ji masa rauni, ya sa jama'a suka koma gida suna ganin kuɗinsu bai tafi banza ba, lalle ya cika amanar da aka ba shi. Magini shi a ke yaba wa in soro ya tashi, amma ba don mai kwaɓa ƙasa ba da ko tubali guda bai hau ba. Kuma tun da ya ke masu kamfani ke raba nasara, kayen da Lanny ya sha bai nuna ragwanci ba, ya dai nuna gurbin da aka sa shi.

Shi ma ya ɗan taɓa haske. A 1989 aka sāke masa kama, ya riƙa fitowa da riga da hula irin na masu gama jami'a, yana kiran kansa The Genius, watau mai hazaƙa, yana yi wa jama'a gorin ilmi don su ƙi shi. A cikin watan Nuwamba na shekaran nan aka nuna karawarsa da Hulk Hogan, wanda ke riƙe da kambu. Abokinsa Mr. Perfect ya bugi Hogan a wajen fili, alƙalin wasa ya ƙirga goma bai komo ba, aka ba Lanny nasara, ko da ya ke irin wannan nasara ba ta ɗauke kambu. Daga nan sai ya koma yawanci mai rakiyar waɗansu 'yan kokawa, har ya bar kamfanin a 1992.

Inda tambaya ta gaske ta ke, shi ne abin da ya biyo baya. Savage ya koma wani kamfani mai suna WCW a ƙarshen 1994, ya kuwa sa aka ɗauki ƙanensa a 1995. Daga nan har 1999 ana biyan Lanny albashi, amma kusan ba a taɓa ganinsa a fili ba. Shi da kansa ya sha faɗin cewa ya zauna a shirye, yana motsa jiki yana jiran kira, kiran bai zo ba. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Abin mamaki, mutanen da suka raina shi sa'ad da ya ke faɗuwa da guminsa, su ne za su ce yanzu ya dace. Alhali kuwa in akwai wurin da mai mutunci zai ji nauyi cikin tarihin nan, to, nan ne, domin kuɗin farko na aikinsa ne, na biyun na sunan wansa ne.

Duk da haka adalci bai yarda a ɗora masa laifi duka ba. Bai ɓoye ba, bai ƙi aiki ba, kamfani ne ya sa hannu a kan sharaɗi ya kuma ƙi kiransa. Wan ma bai yi mugun abu ba da ya tuna da ƙanensa sa'ad da ya sami hali, gama ɗan'uwa rabin jiki ne. Sai dai halalcin abu daban, daɗinsa ga zuciya daban. Kyauta ta kan cika tumbi, amma ba ta ba mutum abin da zai nuna ya ce wannan aikin hannuna ne. Abin da ya rage wa mai cin albarkacin wani shi ne ya san albarkaci ya ci, kada ya mai da shi cancanta. A nan Lanny ya fita kunya, don ya kan ba da labarin nan a fili, yana kuma yawan ambaton alherin wansa. Hassada, wadda ita ce ciwon da ya fi kama ƙannen manya, ba a ji ta a bakinsa ba.

Jarrabawa ta ƙarshe ta zo bayan rasuwar Savage a 2011. Kamfanin, wanda ya zama WWE, yana da wani jeri na girmamawa inda a ke sa sunayen gwanayen da suka wuce. Lanny ya ce burin wansa shi ne kada a sa shi sai tare da ubansu da ƙanensa. Da ya kafe a kan wannan, da ba mai zarginsa, watakila ma da sunansa ya shiga inda aikinsa kaɗai bai kai shi ba. Amma a 2015 ya yarda aka sa wan shi kaɗai, saboda masoyan da suka daɗe suna jira, ya tsaya gaban jama'a ya karɓi girman a madadinsa. Waɗansu za su ce ya saɓa wa nufin mamaci, maganarsu kuwa tana da nauyi, don burin wanda ya riga ya tafi ba abin wasa ba ne. Sai dai a lura, rabon da ya saki har da nasa a ciki. Wannan karon an miƙo masa ruwan kasko, bai sha ba.

Lanny Poffo ya rasu a watan Fabrairu na 2023, yana da shekara 68. Wanda ya auna shi da mudun Savage zai tarar bai cika ba, kamar yadda kusan duk 'yan kokawar zamaninsa ba za su cika ba. Amma mutum ba shi ke zaɓen wansa ba, ba shi kuma ke raba suna. Abin da ke hannunsa uku ne: ya yi aikin da aka ba shi da gaskiya, ya faɗi gaskiya a kan abin da ya samu don wani, ya kuma iya ganin ɗaukakar ɗan'uwansa ba tare da zuciyarsa ta yi baƙi ba. Duk ƙanen wani babba, ko a kasuwa ya ke ko a ofis ko a gona, da waɗannan ya kamata a auna shi, da su kuma ya kamata ya auna kansa.